Digiri a akwati, almakashi a hannu: amsa ga wani tela

Ga tambayar da ta zo, na taƙaita ta: "Malam, shekaruna 29. Na karanta tattalin arziki a jami'a, na gama bautar ƙasa shekara uku ke nan. Tun ina sakandare nake ɗinki, yanzu ina da shagona a Kano, keke huɗu da yara uku. Abin da nake samu yana riƙe ni, har ina ɗan taimaka wa gida. Baba ya yi ta faɗi-tashi har wani abokinsa ya samo min gurbi a wata ma'aikatar gwamnati, an ce in kai takarduna kafin ƙarshen wata. Ni dai zuciyata tana shago. Amma duk ranar da na haɗu da abokan karatuna sai in ji na raina kaina, kuma a gidan yarinyar da nake nema an tambaya, wai ban da ɗinkin aikin me nake yi. Shin na ci nasara ne, ko yaudarar kaina nake yi? Ta yaya mutum zai yi rayuwar da ta dace da shi ba tare da ya saɓa wa iyayensa ba?"

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Tambaya biyu ka ɗaure da igiya ɗaya, kuma a shekara sama da 20 da na yi ina aikin ba ɗalibai shawara, haka matasa suke kawo min su a ɗaure. Ta farko, wane aiki za ka yi. Ta biyu, da mudun wa kake auna kanka. In ba ka kwance ta biyun ba, duk wanda ka ɗauka a ta farko ba zai bar ka ka yi barci ba. Ko dai ka tafi ofis kana kewar almakashi, ko ka zauna a shago kana sunkuyar da kai duk ranar da abokinka ya tsaya da mota a ƙofa.

Ka san yadda awo yake a kasuwanninmu. Tiyar Dawanau daban, mudun wani ƙauye daban, a kasuwa ɗaya ma akwai mai cikawa har ya yi tozo, akwai mai shafewa. Buhun ɗaya ne, hatsin bai ƙaru ba bai ragu ba, amma lissafi yana canjawa gwargwadon kwanon da aka sa. A wasiƙarka na ƙirga mudu uku: na Baba, na abokan karatu, na gidan surukai. Naka ne ban gani ba.

Mu fara da na Baba, domin shi ya fi nauyi, kuma ba daga iska ya faɗo ba. A shekarun 1950 da 1960 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ido rufe take neman 'yan Arewa masu takarda don su cike guraben aiki. A 1974 kwamitin Udoji ya ɗaga albashi, aka biya ma'aikata ariyas, har yau dattawa suna ba da labarin baburan da rediyoyin da aka saya da kuɗin Udoji. Ma'aikaci a wancan zamani yana da rancen mota, yana da gidan gwamnati, yana da tabbacin fansho da garatuti. Wanda ya buɗe ido ya ga haka, ko ya ga maƙwabcinsa a haka, ba za ka raba shi da imanin cewa takarda hanyarta ɗaya ce, ofis. Sai dai kiɗa ya canja. Daga 1986, lokacin tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida, darajar naira ta fara zubewa, albashi ya fara gajarta kafin wata ya ƙare. A 2004 aka sauya dokar fansho ta tarayya ta koma ta tarawa, kuma bayan gyaran 2014 ana cire wa ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari, mai aikin ya ƙara kashi 10. An cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024, kai ma da ka karanta tattalin arziki ka san abin da wannan kuɗin yake saye a kasuwa. Mai digiri a matakin albashi na 8 yake shiga aikin gwamnati, ya yi ta hawa a hankali har ya cika shekara 35 yana aiki ko shekara 60 a duniya.

Duk da haka kada ka yi wa dattijo dariya. In ka tona maganarsa har ƙasa, tsoro za ka tarar, kuma tsoro ne mai hujja. Ya ga teloli sun tsufa. Ya ga wanda idonsa ya daina ganin kafar allura, ya ga wanda baya ya hana shi zama kan keke, ya ga wanda gobarar kasuwa ta tashe shi tsaye a dare ɗaya. Ma'aikaci in ya kwanta ciwo wata uku albashinsa yana shiga. Kai in ka kwanta wata uku, me zai shiga? Wannan ita ce tambayar Baba ta gaskiya, ko da bakinsa bai furta ta haka ba, kuma duk abin da za ka yanke sai ya ƙunshi amsarta. Zan dawo kanta.

Mudun abokan karatu ya fi sauƙin ganewa, ya fi wuyar jefarwa. Tun 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Leon Festinger, ya bayyana cewa in mutum ba shi da tsayayyen ma'auni na auna kansa, sai ya koma auna kansa da mutane, kuma ba kowa yake zaɓa ba, sai waɗanda yake ganin sa'anninsa ne. Shi ya sa arzikin Dangote bai taɓa hana ka barci ba, amma motar wanda kuka zauna benci ɗaya ta hana ka. A da sai ranar biki ko ranar Sallah za ka ga sa'anninka. Yanzu suna aljihunka, a zauren WhatsApp na 'yan ajinku, kowa yana ɗora hoton ranar da ya fi kyau. Ba mai ɗora hoton takardar bashin banki, ba mai ɗora ranar 18 ga wata da albashi ya ƙare. Kai kuma kana gwada cikin gidanka da ƙofar gidansu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da maganin wannan a hadisin da Muslim ya ruwaito: ku dubi wanda yake ƙasa da ku, kada ku dubi wanda yake sama da ku, hakan ya fi dacewa da kada ku raina ni'imar Allah a kanku. Yaran nan uku da ke shagonka, a wurinsu kai ne mai motar.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa matasa ba: ko ka kamo abin da kake hange, daɗinsa ba ya daɗewa. A 1978 Philip Brickman da abokan aikinsa suka bincika mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a cacar tikiti a Amurka, suka tarar farin cikinsu bai yi wa na sauran mutane wani nisa ba, kuma ƙananan abubuwan yau da kullum, irin su hira da aboki ko karin kumallo, sun rage yi musu daɗi. Zuciya takan saba. Ofishin da za ka shiga da rawar jiki, bayan wata shida zai zama wurin da kake zuwa kawai. Amma kada ka ɗauki wannan ka ce kuɗi ba komai ba ne, ni ba na cikin masu wannan wa'azin. Binciken da Daniel Kahneman ya yi da Matthew Killingsworth, wanda ya fito a 2023, ya nuna cewa ga mafi yawan mutane jin daɗi yana ƙaruwa in samu ya ƙaru. Masu gidan rana suna da aikinsu. Wanda ba shi da kuɗin maganin ɗansa ba a yi masa lacca kan wadatar zuci.

Shi kuwa mudun surukai tsoho ne ƙwarai. Ƙasar Hausa ta daɗe tana jera sana'o'i hawa-hawa: sarauta a sama, sai malanta da fatauci, sai masu sana'ar hannu, kuma ana bambanta wanda ya gada da ɗan haye. Da boko ya zo sai aikin gwamnati ya samu wurin zama kusa da sarauta, domin shi ma kujera ce da iko. Wannan jerin ne yake magana a bakin wanda ya ce "ban da ɗinkin". Ba lallai ƙiyayya ba ce. Uba ne yake so ya san a hannun wa zai damƙa 'yarsa.

To ina naka mudun? Kafin ka ƙera shi, ka lura da kalmar da ka yi tambaya da ita. Nasara daga Larabci muka aro ta, kuma kalma ce ta fagen fama, a kan wani ake cin ta. Shi ya sa duk wanda ya zauna a gabana ya ce bai ci nasara ba, nakan tambaye shi: da wa kake kokawa? Sau da yawa sai ya yi shiru, sannan ya ambaci sunan wani ɗan ajinsu. Tsofaffinmu in za su yi wa yaro addu'a ba su cika kawo nasara ba sai in jarrabawa ce ko shari'a. Abin da suke cewa shi ne Allah ya yi maka albarka, Allah ya rufa asiri, Allah ya sa a gama lafiya. Ka duba "rufin asiri" da kyau, ma'auni ne cikakke: ka ci, ka ciyar, ka biya haya, in lalura ta taso ka fitar ba tare da ka je ƙofar wani ka tsuguna ba. Ba ya bukatar kowa ya faɗi kafin kai ka tashi. Haka kalmar arziki, in aka ce wane ɗan arziki ne ba aljihun ubansa ake nufi ba. Wani Bature da ya yi aikin mulki a Adamawa ya kuma koyar a Zariya, Anthony Kirk-Greene, ya tattara siffofin da Bahaushe yake kiran mai su mutumin kirki, ya wallafa a 1974: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima, adalci. Guda goma, babu muƙami a ciki, babu mota. Ban ce haka muke rayuwa kullum ba, mu ne dai masu tashi tsaye in mai kuɗi ya shigo ko da mun san inda ya samo. Amma mudun yana nan a harshenmu, ba sai ka je wata ƙasa aro ba.

Ka zaro naira ashirin ka juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce. Ba ta yi karatun boko ba, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta lokacin, wato Suleja ta yanzu, a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa, ta rasu a 1984. Ko ka tuna Malam Aminu Kano, wanda ya ajiye aikin koyarwa a Maru a 1950, lokacin da albashin malami abin tinƙaho ne, ya shiga gwagwarmayar jam'iyyar NEPU. Bai zama gwamna ba, ya nemi shugabancin ƙasa a 1979 bai samu ba, ya rasu a 1983 a gidansa na Gwammaja, gidan da in ka shiga yau za ka yi mamakin ƙanƙantarsa. Na kawo su ne da taka-tsantsan. A bayan Ladi Kwali akwai dubban magina da ba wanda ya san sunansu, kuma in ka zauna a shago don kana fatan wata rana a buga hotonka, to mudun mutane ka sake ɗauka, launi kawai ka canja masa. Abin lura a wurinsu shi ne kowannensu ya san aikin da ya zo yi tun kafin a tafa masa, kuma da ba a tafa ba ma da shi zai ci gaba da yi.

Yanzu ga inda matasa suka fi ruɗewa. Maganar "rayuwar da ta dace da ni" tana zuwa muku ta waya a cikin wata riga: bi zuciyarka, kada ka saurari kowa, rayuwarka taka ce. Wannan rigar ba a jikinmu aka auna ta ba, kuma masana ma ba haka suka ce ba. Edward Deci da Richard Ryan na Jami'ar Rochester, waɗanda suka shafe shekaru tun wajen 1970 suna nazarin abin da ke sa mutum ya yi aiki da zuciya ɗaya, sun tsaya a kan bukatu uku: mutum ya ji da yardarsa yake yin abin da yake yi, ya ji ya iya abin, ya kuma ji yana da mutane. Sun nanata cewa ta farkon ba tana nufin ɓallewa daga jama'a ba. A wani bincike na 2003 da aka yi da ɗalibai a Koriya ta Kudu da Rasha da Turkiyya da Amurka, an ga cewa ko al'adar mutum ta biyayya ga manya ce ko ta tsayawa da kai, abin da ya fi alaƙa da kwanciyar hankalinsa shi ne ko ya karɓi abin a ransa, ko kuwa dole da tsoron zargi ne suke tura shi.

Bari in nuna maka da mutum biyu da suka taɓa zama a kujerar da ke gaban teburina. Na farko mahaifinsa ya ce ya bar kasuwancin waya ya karɓi aikin koyarwa a garinsu, saboda tsufa ya kama su, ba kowa a gida. Ya yi kwana uku yana juya abin, ya dawo ya ce min, "Malam, na duba, zama kusa da su ya fi min shagon." Ya tafi, kuma duk sanda muka haɗu fuskarsa a sake take. Biyayya ya yi, amma zaɓinsa ne. Na biyu ya ƙi aikin da aka samo masa, yana ta faɗin shi ba zai zauna ƙarƙashin kowa ba, shi ɗan kasuwa ne. Da na matsa da tambaya sai ta bayyana ba kasuwar yake so ba, tashin safe ne ba ya so, da kuma a ce masa ya yi kuskure. Jarin bai shekara ba. Wannan ya yi tawaye, amma ba rayuwarsa yake yi ba, lalaci da girman kai ne suke jan akalarsa. Saboda haka kada ka ɗauka zama a shago shi ne gaskiya, tafiya ofis shi ne ƙarya. Kowanne yana iya zama ko wanne.

Abin da nake so ka raba shi ne haƙƙin iyaye da mudun iyaye. Haƙƙinsu ba ya faɗuwa: ladabi, ciyarwa in sun bukata, shawara da su, neman albarkarsu, kiyaye mutuncinsu a idon jama'a. A Suratu Luƙman, ko a inda aka hana yi musu ɗa'a, wato in sun kira ɗa zuwa shirka, an ce ya zauna da su a duniya da kyautatawa, balle a kan maganar aiki. Mudunsu kuwa na zamaninsu ne, yana iya dacewa da naka, yana iya saɓawa. Ɗa nagari yana iya sauke haƙƙin gaba ɗaya, ya kuma zauna ya nuna wa mahaifinsa cikin ladabi cewa kwanon awon ya canja.

Sai mu zo kan shagon, ka amsa wa kanka waɗannan ba tare da kowa yana kallo ba. Goman ƙarshe na azumi, ƙarfe biyun dare, an ɗauke wuta, janareta yana ta hayaƙi, shadda ta taru har saman tebur, wani ya tsaya a kanka yana cewa tun kafin azumi ya kawo, yaronka ya ƙona hannun rigar wani da dutsen guga. A wannan daren, kana jin gajiya ce kawai, ko kana jin ka tsani rayuwarka? Gajiya ba komai ba ce, kowane aiki yana da irin wannan dare. In ka yanka wuyan kaftani ya zauna daidai, mai shi ya sa ya juya gaban madubi bai ce komai ba sai murmushi, me kake ji a ƙirjinka? Ɗinkinka na bana ya fi na bara, ko tsayawa ka yi wuri ɗaya? Sannan wadda ta fi zafi: mutum nawa ka saɓa wa alkawari a Sallar da ta wuce? Ka san sunan da teloli suka yi a gari. Mutumin da yake cewa yana son ya rayu a kan gaskiyarsa, amma yana karɓar kafin alƙalami na ɗinki talatin alhali ya san ashirin zai iya, yana kashe waya ranar jajibiri, bai fara ba tukuna. Ni a wurina nan ne farkon mudunka, tun kafin a zo maganar kuɗi.

Maganar kuɗin kuma ba a yin ta da "yana riƙe ni". Wannan kalmar ta wasiƙarka ba ta gamsar da ni ba, kuma ba za ta gamsar da Baba ba. Kai da ka yi shekara huɗu kana karanta tattalin arziki, ga ranar digirinka ta zo. Ka ɗauko littafin awo da saƙonnin banki da ke wayarka, ka bi wata 12 da suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Kada ka auna da watan Sallah, kowane tela attajiri ne a watan Sallah. Ka sa har watannin da kasuwa take mutuwa, bayan Babbar Sallah da tsakiyar damina. Ka cire haya, man janareta, zare da maɓalli da sauran kayan aiki, gyaran keke, haƙƙin yara, da abin da ya kamata ka riƙa ajiyewa don sauya keken da ya tsufa. Abin da ya rage ka raba shi 12, shi ne albashinka. Sannan ka nemi wani da ke mataki na 8 a irin wannan ma'aikatar ya faɗa maka abin da yake shiga hannunsa bayan an yi yanke-yanke, ka cire kuɗin mota na kullum da abincin rana. Aikin mako ɗaya ne, kuma kana da shi kafin ƙarshen wata.

Daga nan ka rubuta abin da nake kira "ya isa". Nawa ne a wata zai ba ka rufin asiri da mata da 'ya'ya biyu ko uku, da abin da kake kai wa gida, da ɗan abin ajiya? Ka rubuta lambar a takarda. Mutumin da bai san lambar isarsa ba, ko nawa ya samu yana cikin tsere, domin kullum akwai wanda ya fi shi. A ƙarƙashin lambar ka rubuta abin da ba za ka sayar ba ko nawa aka ba ka: wataƙila sallar jam'i, wataƙila cin abincin dare da iyalinka, wataƙila kada ka taɓa sa hannu a takardar da ka san ƙarya ce. Kowa da nasa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji maƙwabcin mai akuya da ya sayi kura.

Za a ce maka ka haɗa biyun, ofis da safe, shago da yamma. Mutane da yawa suna yi, amma ka san abin da doka ta ce: ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin kundin tsarin mulki na 1999 ta hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ko kasuwanci na kansa, noma kaɗai ta ware. Ban da doka ma, shagon ɗinki hannun mai shi ake bi. Ranar da masu kawo ɗinki suka gane yara ne suke yanka, za su fara zamewa ɗaya-ɗaya. Haka kuma kada in ɓoye maka ɗaya gefen: guraben aiki da yawa suna da iyakar shekaru, kai kuma kana bakin 30. In ka bar wannan, ka ɗauka ba zai dawo ba.

Ka tambaye ni, don haka ga ra'ayina. Mai shekara 29 da ya riƙe shago da keke huɗu, yana biyan mutum uku, yana taimakon gida, a wannan yanayi da ake ciki, ba mai neman aiki ba ne, shi ne mai ba da aiki. In lissafinka ya nuna abin da ya rage maka ya kai ko ya kusa abin da ofis zai ba ka, kuma amsoshinka na daren azumi sun fito da kyau, ni zan ce ka zauna, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. In kuwa lissafin ya nuna uwar kuɗi kake ci kana zaton riba ce, ka kai takardunka ba tare da jin ka ci amanar kanka ba, ka riƙe keke ɗaya a gida kana ɗinka wa kanka da iyalinka.

In zaman ne, to sai ka amsa tambayar Baba da aiki. Ka yi wa shagon rajista da hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ka raba asusun shago da aljihunka. Tun 2019 akwai tsarin fansho na masu sana'ar kansu da hukumar fansho ta ƙasa ta buɗe, kana zuba abin da ya sawwaƙa. Ka shiga inshorar lafiya. Ka tara kuɗin da zai riƙe gida wata uku ko keke bai juya ba. Ka koya wa ɗaya daga cikin yaranka yanka, ba ɗinki kawai ba, don ranar da ba ka nan.

Zuwa wurin Baba kuma yana da hanya. Ka tuna dattijon nan mutuncinsa ya kashe, ya taka ya je ya roƙi abokinsa. In ka ce a'a kai tsaye, ba aikin kaɗai ka ƙi ba, ka bar shi da kunyar komawa ya ce yaron ya ƙi. Kada ka tare shi a gaban ƙannenka, kada kuma ka fara da "ni ra'ayina". Ka fara samun mahaifiyarka, ko baffan da yake jin maganarsa. Sannan ka zauna da shi bayan sallar isha'i, ka fara da godiya, ka buɗe littafin a gabansa ka nuna masa wata-wata, har watannin da ba su yi kyau ba, ka nuna masa tanadin da ka yi wa ranar ciwo da ranar tsufa. Yawancin iyayen da na sani ba su taɓa ganin lissafin sana'ar 'ya'yansu ba, abin da suke gani kawai yaro ya fita da safe ya dawo da zare a riga. Ka roƙe shi ya raka ka wurin abokin nasa ku yi godiya tare, da wuri, don a ba wani gurbin. In ka ɗinka wa mutumin babbar riga da hannunka ka tafi da ita, ba laifi. Idan bayan duk wannan Baba ya kafe, kada ka yanke a daren. Ka nemi kwana biyu, ka yi istihara, ka koma da wanda ya girme shi.

Gidan surukai kuma waliyyanka ne za su amsa, kuma amsar gajera ce: yana da digiri, yana da shagonsa, mutum uku suna ci a ƙarƙashinsa, ga inda yake, a je a bincika. Kada ka yarda a ƙara da "yana dai neman aiki" don a faranta musu, domin in aka ɗaura aure a kan wannan, kullum za a riƙa jiran ranar da za ka fara aikin gaske.

Abu ɗaya ne ban gani a wasiƙarka ba. Ka faɗi abin da Baba ya ce, da abin da abokai suka sa ka ji, da abin da iyayenta suka tambaya, amma ba ka faɗi abin da ita yarinyar ta ce ba. Ita ce za ta yi sahur ita kaɗai a goman ƙarshe, ita ce ƙawayenta za su tambaya mijinta me yake yi. Ka tambaye ta ƙarara, ranar da za ka je zance na gaba, in an yi mata wannan tambayar me za ta ce, kuma ka dubi fuskarta lokacin da take amsawa.